Yadda za ka kwatanta yaƙoƙin zamanin da da na yanzu ba tare da fim ko littafi sun yi maka wayo ba

Musun nan dai ba ya ƙarewa, wai tsakanin Iskandari da Napoleon da Hitler wa ya fi cin ƙasa, ko kuma wai mutanen da ne suka fi mu rashin imani ko mu ne muka fi su, kuma in ka bi diddigin masu musun sai ka tarar hujjar mutum gaba ɗaya fim guda ne da ya kalla, ko shafi biyu na wani littafi. Shi kwatancen ba laifi ba ne, manyan hafsoshi ma suna yi, Schlieffen wanda ya shugabanci hafsoshin Jamus kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya daɗe yana nazarin yadda Hannibal, janar ɗin birnin Kartaj na Arewacin Afirka, ya yi wa Rumawa zobe a Kanne ta ƙasar Italiya a shekarar 216 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. Amma akwai yadda ake yinsa, in ba haka ba sai ka wayi gari kana auna tatsuniya da rahoton jarida kana cewa ka gano wani abu.

Fara da tambayar wa ya ba da labarin, kuma yaushe ya ba da shi. Iskandari sarkin Makidoniya ya mutu a Babila a 323 kafin Miladiyya, amma littafin da aka fi dogara da shi kan yaƙe-yaƙensa wani Bagirke mai suna Ariyan ne ya rubuta shi bayan sama da shekara 400, shi kuma ya kwaso ne daga rubutun Batlamiyus, janar ɗin Iskandarin da ya zama sarkin Masar daga baya, mutumin da sarautarsa ta dogara kan cewa maigidansa gwarzo ne shi ma gwarzo ne. Shi kuwa Kallistenis da aka tafi da shi musamman don ya rubuta tarihin yaƙin, da ya saɓa da sarki a tsare ya mutu. Farisawan da aka ci fa, ina nasu littafin? Babu. Haka mutanen Kartaj, Rumawa suka rushe birninsu a 146 kafin Miladiyya, kusan duk abin da muka sani kan Hannibal daga bakin Rumawa da abokansu ya fito. Shi Yuliyus Kaisar ma bai tsaya jiran kowa ba, da kansa ya rubuta labarin yaƙin da ya yi a ƙasar Gol, wato Faransa ta yau, daga 58 zuwa wajen 50 kafin Miladiyya, yana ta kiran sunansa kamar wani daban yake ba da labari, kuma don a karanta a Roma inda yake neman mulki ya rubuta. Fir'auna Ramsis na Biyu ya cika bangon gidajen bautarsa da zanen nasarar da ya yi a Kadesh wajen 1274 kafin Miladiyya, alhali garin a hannun Hittiyawa ya ci gaba da zama, ƙarshe ma sulhu aka rubuta.

A yaƙin zamani ƙaryar tana nan ba ta je ko'ina ba, bambancin kawai bakuna ne suka yi yawa. Ran 16 ga Maris 1968 sojojin Amurka suka kashe ɗaruruwan fararen hula a ƙauyen My Lai na Biyetnam, rahoton farko cewa ya yi an yi nasara an kashe mayaƙan abokan gaba 128, sai a Nuwamban 1969 ɗan jarida Seymour Hersh ya tona, ga hotuna ga shaidu, hukumar sojan Amurka ta ƙirga gawa 347, Biyetnam ta ce 504. Wannan ƙaryar ba ta cika shekara biyu ba aka kama ta, ta Ramsis kuwa ta yi shekara dubbai a jikin dutse ba mai musa ta. Saboda haka duk lokacin da ka ga mayaƙin da ya fito fes a littafi, na yanzu kuma ya fito da jini har gwiwa, ka tsaya ka tambayi kanka ko na da ɗin an bar wani da rai da zai kai ƙara.

Daga nan sai alƙaluma, kuma a nan ne aka fi yi wa mutane wayo. Hirodotus, marubucin tarihi Bagirke, ya ce rundunar da sarkin Farisa Zaksis ya kawo Girka a 480 kafin Miladiyya, in an haɗa da masu hidima da na cikin jiragen ruwa, mutum 5,283,220 ne, har da ashirin ɗin kamar wanda ya tsaya a ƙofa yana ƙirgawa. Ba sai kana da digiri ba za ka gwada wannan, ɗauki biro kawai. Soja mai tafiya a ƙasa yana cin wajen kilo ɗaya na hatsi a rana, ke nan tan dubu biyar kullum ta Allah, alfadari kuma in ya yi ƙoƙari ya ɗauki kilo 100, ka ga ana buƙatar kayan alfadari 50,000 kowace safiya kafin ma a zo maganar ruwan sha, su kuma dabbobin ba iska suke ci ba, in tafiyar ta yi nisa inda ba ciyawa dabba ita take cinye kayan da ta ɗauko. Shi ya sa yawancin masana na yanzu ba sa kai rundunar sama da 300,000, wasu ma su ce ko rabin haka ba ta kai ba. Shi ma Ariyan ya ce a yaƙin Gogamela na 331 kafin Miladiyya an kashe wa Iskandari mutum wajen 100, Farisawa kuma 300,000. Haba dai. Ƙa'idar mai sauƙi ce, adadin rundunar mai ba da labari yakan yi kusa da gaskiya don yana da takardar albashi da ta rabon abinci, adadin abokan gaba kuwa ka ɗauke shi a matsayin kirari.

Wannan lissafin ciki da ƙafa shi ne ma'aunin da na fi so, don shi ne yake aiki a kowane zamani. Rundunar da a ƙafa take tafiya, kilomita 20 zuwa 30 a rana in hanya ta yi kyau, ba ta nisa da kogi ko teku, kuma galibi sai an duba lokacin girbi don a gonar mutane za a ci. To mutane sun ɗauka zuwan inji ya kashe wannan matsalar, ina, ba ta mutu ba, kaya ta canza. Napoleon ya shiga Rasha a Yunin 1812 da mutum sama da 400,000, yunwa da zazzaɓi da gudu daga soja sun cinye kaso mai yawa tun kafin sanyi ya sauko, sanyin da ake ta ɗora wa laifi ƙarasa aiki kawai ya yi. Hitler ya shiga ran 22 ga Yunin 1941 da sojoji sama da miliyan uku, a fim tankoki kawai za ka gani suna ta keta fili, amma rundunar nan da dawaki sama da 600,000 ta tafi, su ke jan igwa da keken abinci, layin dogon Rasha kuma faɗinsa ba ɗaya da na Jamus ba sai an bi ana gyarawa. Napoleon da ƙafa da doki ya shiga Mosko a Satumba, Hitler da injinansa bai taɓa shiga ba. In kana kwatanta waɗannan biyun ka buɗe taswira ka auna nisan kowa daga rumbunsa, za ta faɗa maka abin da jawabin janar ba zai faɗa ba. Kuma kar ka manta da ciwo, kafin ƙarni na 20 cuta ta fi makami kashe soja, a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 kusan kashi biyu cikin uku na sojojin da suka mutu gudawa da zazzaɓi da makamantansu ne suka kashe su, wane darakta ne zai ɓata kuɗinsa ya nuna maka wannan.

Idan ka zo kan gawa kuwa ka tabbata iri ɗaya kake aunawa. Ranar farko ta yaƙin Som, 1 ga Yulin 1916, ana cewa Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470, mutane sai su ɗauka duk mutuwa suka yi, alhali wannan jimillar ta haɗa da masu rauni da waɗanda aka kama da waɗanda suka ɓace, waɗanda suka mutu 19,240 ne. A Kanne kuwa ko a ƙidayar Libi, marubucin tarihin Roma, Rumawa wajen 48,000 aka kashe a wuni guda, da takobi da mashi, mutum yana kallon idon wanda yake sokewa. Wato a wuni ɗaya Kanne ta fi Som muni, amma Kanne da rana ta faɗi an gama, Som kuma sai tsakiyar Nuwamba aka tsaya, bayan mutum sama da miliyan ɗaya daga duka ɓangarorin sun mutu ko sun jikkata. A nan bambancin yake, yaƙin da bugu ɗaya ne mai tsanani, na zamani kuwa masana'anta ce da jirgin ƙasa ke ta kawo mata sabbin samari da harsashi ba tsayawa. Sannan ka raba da yawan jama'ar lokacin, Yaƙin Duniya na Biyu ya ci mutum miliyan 70 zuwa 85, wajen kashi 3 cikin ɗari na mutanen duniya a lokacin, Tarayyar Sobiyat kaɗai miliyan 27. Amma shi ma rabon ka yi hattara da shi in an koma baya, ana yawan kawo tawayen An Lushan na ƙasar Sin daga 755 zuwa 763 a ce ya kashe miliyan 36 saboda ƙidayar gwamnati ta faɗo da wannan adadin, alhali gwamnatin ce ta rasa iko da larduna da yawa ta kasa ƙirga masu biyan haraji, wanda ya ɓace daga rajista ba lallai kabari ya tafi ba.

In kana neman wurin da da da yanzu suka fi kama da juna, duba ƙawanya. A Alesiya ta ƙasar Gol a 52 kafin Miladiyya Kaisar ya kewaye garin da shinge, da abinci ya yi ƙaranci mayaƙan ciki suka koro mata da yara da tsofaffi, shi kuma ya ƙi buɗe musu hanya, suka maƙale tsakanin ganuwar gari da shingen Rumawa da yunwa. Jamusawa sun yi wa birnin Leningrad na Sobiyat ƙawanya kwana 872 daga Satumban 1941 zuwa Janairun 1944, fararen hula sama da 800,000 suka mutu, yawancinsu yunwa da sanyi. Shekara kusan dubu biyu tsakani, makamin ɗaya ne.

To sai fim. An ce gani ya kori ji, a fim kam sai ka yi a hankali don abin da ka gani ɗin wani ne ya shirya shi. Kamara tana son fuskar jarumi, shi ya sa za ka ga ya cire kwalkwali a tsakiyar fagen fama, sahu ya watse kowa ya kama nasa ana ta sara ɗaya-ɗaya har jarumi ya haɗu da bos. A gaske sahu shi ne rai, garkuwarka tana kare na kusa da kai tasa tana kare na gaba, ranar da sahu ya watse ranar aka ci ku, kuma yawancin kisa ba lokacin arangama ake yinsa ba, sai ɓangare ɗaya ya juya baya dawaki su bi su suna sara, abin da ya sa wanda ya yi nasara asararsa kaɗan ce wanda aka kora kuma tasa ba ta ƙirguwa. Ka kuma duba ƙafar mahayi, zamanin Iskandari da Kaisar babu likkafa, sai wajen ƙarni na 4 Miladiyya ta bayyana a Sin, ta iso Turai ƙarni biyu ko uku bayan haka, amma a fim za ka gan ta don kar ɗan wasa ya faɗo ya karye. Wannan ƙaramin abu ne ba sai ka tada jijiyar wuya a kai ba, yana dai tuna maka cewa shiri kake kallo. Fim ɗin yaƙin zamani shi ma yana da nasa, sojoji a cunkushe wuri guda don su shiga hoto alhali bindiga mai aman wuta ta koya wa kowa bazuwa, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya igwa ce ta fi kashe mutane, wato mutum ya mutu bai taɓa ganin wanda ya harbe shi ba. Shugaba ma ya canza wuri, Iskandari a gaba yake har kibiya ta taɓa shiga ƙirjinsa a Indiya, Eisenhower kuwa, babban kwamandan sojojin ƙawance a Yaƙin Duniya na Biyu, ranar da sojojinsa suka sauka Normandi a Faransa, 6 ga Yunin 1944, yana Ingila yana jiran saƙo, kuma ba tsoro ba ne, aikin ne ya zama haka.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci a fim shi ne ka duba shekarar da aka yi shi da wanda ya zuba kuɗin, don sau da yawa fim ɗin yaƙin da ba maganar da yake yi ba, maganar ranar da aka ɗauke shi yake yi. A 1937, bayan Italiya ta mamaye Habasha har da iskar guba, gwamnatin Mussolini ta ɗauki nauyin fim ɗin Scipione l'Africano kan yadda Roma ta ci Hannibal a Afirka a 202 kafin Miladiyya, ba sai an yi maka fassara ba. A 1938 Sobiyat ta fitar da Alexander Nevsky kan yaƙin 1242 da mayaƙan Jamusawa, da Stalin ya ƙulla yarjejeniya da Hitler a Agustan 1939 aka janye fim ɗin, da Hitler ya kawo hari a 1941 aka dawo da shi, tarihin 1242 bai motsa ba, siyasa ce ta motsa. Fim ɗin 300 da ya mamaye sinima a 2007 ya nuna Spartawa a matsayin masu kare 'yanci Farisawa kuma kamar dodanni, har jami'an Iran suka fito suka yi tir, alhali Sparta kanta a kan bautar da wata al'umma gaba ɗaya take zaune, kuma a Tarmofili, inda aka yi yaƙin da fim ɗin ya nuna, ba Spartawa 300 kaɗai suka tsaya ba, Girkawa wajen 7,000 ne da farko, ranar ƙarshe ma akwai mutanen Tesfiya 700 da suka mutu tare da su. Ma'aikatar tsaron Amurka kuma tana da ofishin hulɗa da masu fim, tana ba da aron jirage da sansani amma sai ta karanta labarin tukuna. Ni ban ce kar ka kalla ba, ka kalla ka ji daɗi, amma ka san wa ya biya.

Sai kuma ka tambayi me ake nufi da nasara a kowanne. Mai cin ƙasa na da haraji yake so da ganima da bayi, sau da yawa yakan bar masu mulkin da ya tarar su ci gaba da tara masa, Iskandari da ya shiga Babila sai ya naɗa Mazayus, Bafarisen da ya yaƙe shi a Gogamela, gwamnan wurin. Amurka ta fara yaƙin Iraƙi ran 20 ga Maris 2003, ran 9 ga Afrilu Bagadaza ta faɗi, sati uku ke nan, a watan Mayu Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya riƙe ƙasar, ya rushe rundunar sojan Iraƙi ya sallami dubban ɗaruruwan mutane da suka iya bindiga ba aikin yi, sojan Amurka ba su fita ba sai Disamban 2011. Shigar ba a nan gizo ke saƙar ba, riƙon ne. Shi ma Iskandarin yana mutuwa janarorinsa suka yayyaga daular. Amma ka guji gajeriyar magana mai daɗin baki irin ta cewa wai Afganistan makabartar dauloli ce tun fil azal, gaskiya ne Birtaniya ta sha kashi a 1842, Sobiyat ta fita a 1989, Amurka a 2021, kuma Iskandari ya sha wuya a yankin daga 329 zuwa 327, amma Girkawa sun mulki arewacin ƙasar kusan shekara 200 bayansa, Mongol sun ci ta, Babur ya kama Kabul a 1504 daga nan ya tafi ya kafa daula a Indiya. Wanda ya tsinko misali uku ya ɓoye uku talla yake maka.

Maganar halin kirki ita ce mai wuya, kuma a nan nake ganin littattafai sun fi son kai. Iskandari ya rushe birnin Tibis na Girka a 335 kafin Miladiyya ya sayar da mutum wajen 30,000 bayi, ana ce masa mai girma, ana sa wa yara sunansa, wanda ya yi irin wannan yau kotun Heg za a nema masa. Abin da ya shiga tsakani doka ce, yarjejeniyar Janiba ta farko a 1864, kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 da ya haramta cin ƙasar wani da ƙarfi, shari'ar Nuremberg da aka yi wa manyan 'yan Nazi, sai yarjejeniyoyin Janiba huɗu na 1949. Dokar ba ta hana yaƙi ba, kowa yana gani, amma ta sa mai mamaya yanzu sai ya nemo wani suna ya laƙa wa abin da yake yi, Kaisar kuwa alfahari yake da adadin da ya kashe yana ma ƙarawa. Saboda haka alƙaluman da a kumbure suke zuwa, na yanzu kuma in daga bakin mai laifin ne a tsuke suke zuwa, sai ka rage wancan ka ƙara wannan. Kuma kar wani ya rufe maka baki da cewa ai zamaninsu ne haka kowa yake yi, da Kaisar ya karkashe wasu ƙabilun Jamusawa biyu a 55 kafin Miladiyya lokacin da shugabanninsu suka zo tattaunawa, wani ɗan majalisa mai suna Kato ya miƙe a majalisar Roma ya ce a miƙa Kaisar ɗin ga waɗanda ya ci amanarsu. Sun san mugunta in sun gan ta.

In za ka gwada da kanka kar ka ɗauko wai yaƙin da gaba ɗaya ka kara da na yanzu gaba ɗaya, ba za ka fita ba. Ɗauki biyu da suke da abu guda da ya haɗa su, Alesiya da Leningrad in ƙawanya kake so, Iskandari a Babila da Amurka a Bagadaza in riƙon ƙasa ne, Kanne da ranar farko ta Som in kisan wuni guda ne, ka yi musu tambayoyi iri ɗaya, mutum nawa, me suka ci, kwana nawa suka yi a hanya, wa ya mutu kuma me ya kashe shi, wa ya rubuta. Littafin da za ka karanta ka fara leƙa ƙarshensa ka ga ko ya faɗi inda ya samo alƙalumansa, wanda ya ba ka adadi biyu ko uku ya ce ga wanda ya fi yarda da shi ga dalili ya fi wanda ya dangwara maka lamba ɗaya ya wuce. In yaƙin zamani ne ka nemi na ɗaya ɓangaren ko da fassara ce, in na da ne kuma babu ɗaya ɓangaren sai ka koma ga abin da masu tonon kayan tarihi suka haƙo, ramukan da Kaisar ya haƙa a Alesiya an tono su tun zamanin Napoleon na Uku a shekarun 1860, ana iya auna su da abin da ya rubuta. Fim ɗin kuma ka bar shi sai ƙarshe, bayan ka karanta.